Zaɓen ƙarfen gyaran gona a ƙasar Katsina da Daura: jigawa, jangargari, laka da fadama

Mafi yawan masu tarakta a jihar Katsina haro (ƙarfe mai jerin farantai da ke yanka ƙasa) da rija (mai tayar da kunya) kaɗai suke da su, shi ya sa duk gonar da aka kira su haro suke sa mata, ko jigawa ce ko laka. Manomi kuma da ya ga ƙasa ta yi laushi, ƙura na bin bayan tarakta, sai ya ce aiki ya yi kyau, ya biya kuɗi. Amma gonar Baure ko Zango, inda rairayi ya yi yawa kuma ruwan shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, ba abu ɗaya take so da gonar Bakori ko Danja ba, inda ƙasa ke da nauyi, ruwa kuma yakan kai milimita 1,000. Ƙarfen da ya gyara wannan shi zai kashe waccan.

Abin da iri yake nema kaɗan ne. Yana son ƙasa mai ɗan laushi inda zai kwanta, mai ɗan ƙarfi a ƙarƙashinsa don danshi ya riƙa hawowa, sannan sama da ƙananan hoge da za su tare iska da dukan ruwan sama. Gero zurfin santimita 2 zuwa 3 yake shiga, dawa 3 zuwa 4, masara da gyaɗa wajen 5, riɗi bai wuce 2 ba. Duk ƙarfen da za ka saya ko ka yi haya, tambayar ita ce: zai samar da wannan a irin ƙasarka da shiga ɗaya, ko sai an yi ta maimaitawa?

A fara da tona gonar

Ɗauki fartanya da ruwa a buta. Zaɓi wuri uku zuwa biyar: kan tudu, tsakiya, gangare, da duk inda ka san shuka na ƙin yi. A kowane wuri ɗebo ƙasa daga zurfin santimita 10 zuwa 15, tsince tsakuwa da saiwa, ka riƙa yayyafa ruwa kana murzawa har ta jiƙa ba tare da ta caɓe ba. Dunƙula ta. In ta ƙi dunƙuluwa, ko ta watse da ka taɓa ta, jigawa ce. In ta dunƙulu, matse ta tsakanin babban yatsa da manuni kana tura ta gaba ta fito a miƙe. Wadda ta karye kafin ta kai santimita 2 da rabi ƙasa ce mai sauƙi. Wadda ta kai 5 matsakaiciya ce. Wadda ta wuce 5, tana sheƙi in ka shafa, laka ce.

Mai son tabbaci ya zuba ƙasar a kwalba mai haske, kashi ɗaya cikin uku, ya cika da ruwa, ya sa rabin cokalin shayi na omo, ya girgiza sosai ya ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, a yi masa alama. Lallausar turɓaya za ta kwanta a kansa cikin awa biyu. Laka sai ta kwana ɗaya ko biyu. A lura da layin tsakiyar nan, domin in yana da kauri, ƙasarka mai yin ɓawo ce bayan ruwa, kuma wannan zai canja zaɓinka.

Gwaji na uku shi mutane ke tsallakewa, alhali ya fi sauran amfani. Lokacin da ƙasa ke da danshi, haƙa rami mai zurfin santimita 50, ka riƙa soka wuƙa a bangonsa daga sama zuwa ƙasa. Gonar da ta sha haro shekara da shekaru a zurfi ɗaya, sau da yawa za ka tarar wuƙar ta cije a wajen santimita 10 zuwa 15, ta sake shiga da sauƙi a ƙasa da nan. Wannan daɓe ne da farantan haro da tayar tarakta suka yi. Tuge tsohon karan auduga ko kuɓewa na bara ka duba: in uwar saiwar ta gangara ta lanƙwashe gefe, ta gamu da daɓen ke nan. Irin wannan gona ruwa na kwanciya a kanta in an yi ruwa, kwana huɗu da ɗaukewa kuma shuka ta fara yaushi, mai ita ya yi ta ƙara taki a banza.

Jigawa

Daura, Mai'aduwa, Sandamu, Mashi, Kaita, Jibiya: nan jigawa ta fi yawa, kuma nan aka fi yi wa ƙasa ɓarna da haro. Jigawa ba ta da hogen da za a fasa. Ɗan abin da ke riƙe ƙwayoyinta wuri ɗaya saiwar ciyawa ce da ruɓaɓɓen taki, su kuma faranti yake yankewa ya watsar. Haro biyu a busasshiyar jigawa ya mai da ita gari. Iskar da ke rigayar hadari a farkon damina, wadda galibi daga gabas take tasowa, sai ta kwashe saman nan, ta binne geron da ya tsiro, wanda bai binnu ba yashi ya ƙone masa ganye. Ga kuma asarar danshi. Bayan ruwan shuka, kwana biyu ko uku ne jigawa ke riƙe danshin sama, duk juyin da aka yi mata rana ake miƙa wa shi.

Don haka a jigawa ƙarfen da ya fi shi ne wanda ya fi taƙaita taɓa ƙasa. Manoman da ke shuka gero da dawa kai tsaye bayan sharar gona, su bari sai shuka ta tasa su yi huɗa da garmar shanu, ba ci baya suka yi ba, dabararsu ta dace da ƙasarsu. Mai son huɗa kafin shuka, garmar shanu irin ta Emcot ko rijar tarakta ta ishe shi, ba sai haro ya riga ta ba. A zuba takin gida a cikin kwarin bara, a tsaga tsohuwar kunya ta rufe shi, sabuwar kunya ta tashi a kan takin. Tazarar kunya santimita 75, tsayinta 15 zuwa 20. Doguwar kunya a jigawa saurin bushewa take yi, ruwa mai ƙarfi kuma ya zabtare ta.

In da tarakta za a yi, kuma ciyawa ta riga ta fito, abin da ya dace shi ne kaltibeta, wato ƙarfe mai haƙora da ke tsaga ƙasa ba tare da ya kife ta ba, irin mai haƙoran sifirin da ke lanƙwasawa su dawo, mai haƙori 9 ko 11 a jeri biyu. A ɗaura mata faffaɗan baki, mai faɗin santimita 15 zuwa 25, a saita zurfi 6 zuwa 10. Faffaɗan bakin yana bi ta ƙarƙashi ya yanke saiwar harƙiya da komayya da ƙarangiya, ya bar tarkace a sama yana kare ƙasa. Bakunan jerin gaba da na baya su haɗe da ɗan santimita 3 zuwa 5, in ba haka ba za ka ga layin ciyawa a tsaye tsakaninsu. Shiga ɗaya ta isa. Gyaɗa ce kaɗai za a ƙara wa zurfi zuwa 12 ko 15 da siririn baki, saboda tana son inda za ta soka ta yi 'ya'ya. Riɗi kuwa akasin haka: sama-sama, ƙasa a ɗan danne, don kada ƙwayar ta nutse.

To in haro kaɗai ke garinku fa? A sa shi, amma da sharaɗi. A jira ƙasa ta jiƙa, a rage karkatar farantan zuwa ramin saiti mafi ƙanƙanta, kada zurfi ya wuce santimita 10, a bi sau ɗaya, direba ya rage gudu. Ka tsaya a gonar da kanka, domin mai tarakta gona ta gaba yake hange. Rotabeta kuwa, wato ƙarfe mai wuƙaƙe masu juyawa suna niƙa ƙasa, kada ta shiga jigawar tudu ko kyauta ce.

Inda gona ke a shimfiɗe, a ja kunya kudu da arewa don ta gitta wa iskar gabas. Inda akwai gangare, gangaren ake gitta wa, ko ta ina iska ke zuwa. Kuma a san cewa rairayi na cin ƙarfe fiye da kowace ƙasa. A sayi baki mai kai biyu wanda ake juyawa in gefe ɗaya ya cinye, a ajiye na canji tun kafin damina.

Jangargari da fako

Jar ƙasar nan da ake yawan gamuwa da ita a tsakiyar jiha zuwa kudu, in ta bushe fartanya tsalle take yi a kanta, in ta jiƙa kuma ta yi laushi nan da nan. Matsalarta biyu ce: ɓawo a sama, daɓe a ƙasa. In aka niƙa ta da haro sau biyu ko uku, ruwa ɗaya mai ƙarfi zai narkar da garin, rana ta gasa shi, ya zama ɓawon da gero da riɗi ba sa iya hudawa. Manomi ya zargi iri, alhali ya tsiro ne ya mutu a ƙarƙashi. Tona da yatsa za ka ga farin tsiron a naɗe.

A nan haƙori ya fi faranti. A nemi kaltibeta mai tsayayyun haƙora masu kauri da siririn baki, faɗin wajen santimita 5. A jira ruwa ya ratsa aƙalla santimita 15, a shiga zurfin 15 zuwa 20, wato ƙasa da daɓen da ka gani a ramin gwaji da ɗan santimita 3 zuwa 5. Haƙorin yana tsaga daɓen ba tare da ya kife ƙasa ba, ya bar hoge masu girman ƙwan kaza zuwa ƙasa da haka, rija ta biyo ta tara. In ciyawa ko kara sun yi yawa har suna toshe haƙoran, haro ɗaya mai sauƙi ya riga su.

Garmar faranti, wato mai kaftu, tana da amfani a jangargari sau ɗaya cikin shekara uku ko huɗu, don binne taki da ciyawa. Amma a duba ramin gwaji tukuna. In baƙar ƙasar sama santimita 15 ce kawai, kaftun santimita 25 zai kife ta ya fito da jar ƙasa marar abinci, gona ta yi shekaru tana farfaɗowa. Kada kaftu ya wuce kaurin ƙasar sama.

Ruwa na gudu a kan jangargari, shi ya sa bayan huɗa ake datse kwari. Duk mita 2 zuwa 3 a tara ƙasa da fartanya a gicciye, tsayinta ya gaza na kunya, don in ruwa ya yi yawa ya tsallake datsin ya bi kwari maimakon ya fasa kunyar.

Fako, inda ƙasa ta ƙeƙashe ko ciyawa ba ta fitowa, haro ba ya yi masa komai sai gogar sama. Ko dai a sa ƙarfe mai dogon haƙori ɗaya ko biyu da ke shiga santimita 35 zuwa 45, a ja shi lokacin da ƙasan ke a bushe don ta tsattsage (a jiƙe layi kawai zai yanka ya shafe gefensa), ko a yi abin da maƙwabtanmu na Nijar ke yi, wato tassa. Ramuka ne masu faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfi 10 zuwa 20, tazara 70 zuwa 80, ana tara ƙasar da aka fitar ta gefen gangare, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu tun da rani, a shuka a ciki in ruwa ya sauka. Ga mai ƙaramin fako wannan ya fi arha, ya kuma fi tabbas.

Laka

A laka lokacin shiga ya fi zaɓen ƙarfe muhimmanci. Ɗebo ƙasa daga zurfin da za a yi aiki, murza ta a tafin hannu. In ta zama siririn zare mai kaurin milimita 3 ba ta karye ba, ta jiƙa da yawa, a dakata. In ta marmashe kafin nan, a shiga. Wata hanyar: dunƙula ta ka sake ta daga tsayin ƙugu, in ta fashe ta yi daidai, in ta faɗi ta baje a dunƙule da saura. Wanda ya shiga a jiƙe zai ga faranti na fitar da yanka-yanka masu sheƙi, rana ta busar da su su yi tauri, haro uku ba zai fasa su ba, tayar tarakta kuma ta danne ƙasan. Wanda ya shiga a bushe ƙarfe ya ƙi nutsewa, ko ya ɓamɓaro manyan hoge, man gas ya ƙare a banza.

Ga masu masara da waken suya a wajen Funtuwa, Faskari, Dandume da Kafur, tsarin da ya fi sauƙi shi ne kaftu bayan girbi, a Oktoba ko farkon Nuwamba, tun akwai sauran danshi. Garmar faranti mai faranti uku, zurfin santimita 20 zuwa 25, tarakta mai ƙarfin doki 60 zuwa 75. A bar hogen yadda suke. Zafin rani da ruwan farko za su marmasa su, a watan Mayu haro ɗaya da rija sun gama aiki. Wanda ke buƙatar karansa da harawarsa ya kwashe da wuri, domin in aka kai Disamba laka ta rufe.

Wajen zaɓen haro na laka, kada yawan faranti ya ruɗe ka. Nauyin da ke kan kowane faranti shi ke sa ya nutse. Haro mai faranti 16 masu faɗin inci 24 a kan gangar jiki mai nauyi ya fi mai 24 marar nauyi. Jerin gaba su zama masu gibi a baki, don su yanke kara su ciji ƙasa, na baya masu sumul. A tabbata akwai ƙarafan kankare laka a jikin kowane faranti, in babu, laka za ta cike tsakaninsu haro ya koma birgima a sama. Kaltibetar sifirin ba ta laka ba ce, haƙoranta rawa kawai suke yi in ta bushe. Kunya a laka a ɗaga ta santimita 25 zuwa 30, a buɗe wa kwari mafita, domin masara ba ta jure kwanciyar ruwa.

Fadama da noman rani

A bakin madatsun Jibiya, Zobe, Ajiwa, Sabke da Daberam, da fadamun da ake ban ruwa da injin, nan ne rotabeta take da gurbi. Albasa, alkama, karas da gadon renon tumatir suna son ƙasa mai laushi kuma a baje, fangali kuma ƙanana ne, babbar tarakta ba ta juyawa a cikinsu. Ƙaramar taraktar hannu mai ƙarfin doki 12 zuwa 15, mai faɗin aiki wajen santimita 60, ita ta fi dacewa da mai eka ɗaya ko biyu.

A fara ba ƙasa ruwa, a jira ta tsane har ta ci gwajin murzawa. Laushin da rotabeta ke bayarwa abu uku ke saita shi: gudun tafiya, saurin juyin wuƙaƙe, da murfin baya. Tafiya a hankali da murfi a sauke gari suke bayarwa. Ƙara gudun tafiya da ɗaga murfi suna barin ƙananan hoge. Yawancin direbobi gari suke yi, ban ruwa na farko ya mai da shi ɓawo, albasa ta ƙi fitowa. A nemi ƙasa mai ɓarɓashi daga girman ƙwayar masara zuwa na goro, zurfin santimita 10 zuwa 12, shiga ɗaya. Wuƙa mai lanƙwasa a tsaye, mai siffar L, ta fi yanke ciyawa a ƙasa mai sauƙi. Mai lanƙwasar baka, siffar C, ta fi a laka mai danshi domin ba ta cika toshewa ba. Rotabetar babbar tarakta tana aiki da sandar juyi ta baya a kan juyi 540 a minti, tafiya kilomita 2 zuwa 4 a awa. A duba man giyarta, lamba 90, kafin kowane aiki. Akwai noti na musamman a sandar da aka yi shi don ya karye in wuƙa ta bugi dutse. In ya karye a sa irinsa. Wanda ya maye gurbinsa da ƙarfe mai tauri, giya zai saya.

Shinkafar dashe ita kaɗai ce ake son a caɓa mata ƙasa: ruwa santimita 3 zuwa 5 a fangali, tayar ƙarfe a taraktar hannu, zurfi 10 zuwa 15, sannan a ja katako a baje. Daɓen da wannan ke yi a ƙasa yana riƙe wa shinkafa ruwa. Amma in alkama za ta biyo a tsakiyar Nuwamba, ko tumatir, sai an fasa shi da haƙori tukuna. Inda farar kanwa ke fitowa a saman fadama, kada a kife ƙasa da kaftu mai zurfi, a tsaga ta da haƙori, a gyara magudana.

Gonar da ke da ƙiri-ƙiri ko aya-aya ko tofa, rotabeta da haro yaɗa su suke yi, domin kowane guntun saiwa da aka yanka sabon tsiro ne. A sa kaltibeta mai siririn haƙori lokacin zafi, ta jawo saiwoyin sama, a tattara da manjagara, rana ta busar da sauran. A maimaita bayan mako biyu.

Tsakuwa da kututture

Inda akwai marmara, tsakuwa, ko kututturen sabara da kalgo, faranti ya fi tsira domin birgima yake ya haye. Haƙorin da zai shiga nan sai mai sifirin da ke ja baya in ya bugi abu ya dawo. Tsayayyen haƙori lanƙwashewa zai yi ko ya tsinke walda. Gawo kuwa a kewaye shi, kada a yanke masa saiwa, amfanin da ke ƙarƙashinsa kowa ya san shi.

Ƙarfe da abin da zai ja shi

Kaltibetar sifirin mai haƙori 9, faɗin wajen mita 2, tarakta mai ƙarfin doki 35 zuwa 45 ta ishe ta. Tsayayyen haƙori a zurfin santimita 20 zuwa 25 yana cin ƙarfin doki 10 zuwa 15 kowane ɗaya, ke nan tarakta irin Massey Ferguson 375, mai 75, haƙori biyar ne iyakar abin da za ta ja a ƙasa mai nauyi. Dogon haƙorin fasa fako ya fi haka ci nesa, ɗaya ko biyu ne iyakarta. A auna fil ɗin maƙalawa kafin a biya kuɗi: ƙaramin aji milimita 22 ne a hannuwan ƙasa, 19 a na sama; babban aji 28 da 25. In ba su dace ba a sa bushi, wato zoben ƙarfe mai cike gibin, kada a bar fil yana wasa a rami, zai cinye shi.

Lissafin aikin awa ɗaya: faɗin ƙarfe a mita, sau gudu a kilomita, a raba da 10, a cire kashi ɗaya cikin huɗu na juyawa da tsayawa. Kaltibeta mai mita 2 a gudun 7 ta ba da 1.4, bayan cirewa wajen hekta ɗaya a awa. Taraktar hannu mai santimita 60 a gudun 2 da rabi kuwa wajen kashi ɗaya cikin goma na hekta. Wannan lissafin ya nuna mai hekta biyar yini ɗaya zai yi da kaltibeta a shekara, don haka gara manoman unguwa su haɗa kuɗi su sayi ɗaya, su riƙa ɗaura wa taraktar haya, maimakon su zauna da abin da mai tarakta ya zo da shi.

Shanun huɗa suna jan kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyinsu in aikin yini ne, awa huɗu zuwa biyar, da safe. Bijimai biyu masu kilo 300 kowanne ba za su ja abin da ya wuce garma ɗaya ko kaltibeta mai haƙori uku zuwa biyar a jigawa ba. Matsalar ita ce lokacin da aka fi buƙatarsu, ƙarshen rani, lokacin suka fi rama. A fara ba su harawa da dusa da ƙuli ko 'ya'yan auduga wata guda kafin ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Karkiyar huɗa da noma tsakanin kunya, tazarar wuyan sa da sa ta zama ninkin tazarar kunya, santimita 150 ga kunyar 75, don kowanne ya bi kwarinsa. Zurfin garma daga tayar gaba da ramin da aka maƙala sarƙa ake saita shi. In mai riƙo yana danna hannu da ƙarfi ko yana ɗagawa, saitin ne bai yi ba.

Abin dubawa wajen saye, da saiti a gona

Sabo ne ko na hannu, ajiye shi a kan daɓe mai baje ka koma gefe ka duba: duk haƙora su taɓa ƙasa tare. Gangar jikin da ta murɗe ba ta gyaruwa da saiti. Duba walda a inda hannuwan tarakta ke kamawa, nan take fara tsagewa, sabon fenti a wurin abin tuhuma ne. A haro, ɗaga shi ka juya jerin faranti da hannu. In ka ji ƙara ko ya yi wasa gefe da gefe, boris, wato abin da jerin farantan ke juyawa a kai, ya mutu. In faranti ɗaya na juyawa shi kaɗai, dogon notin tsakiya ya kwance, kuma wataƙila ya riga ya cinye ramin farantin. Auna faɗin farantan, wanda aka ce inci 24 ne ya koma 20 ya gama aiki. Kafin komai, tambayi ko ana samun baki da boris da wuƙaƙensa a Katsina ko Funtuwa ko Kano. Maƙeranmu na ƙera baki mai kyau da sifirin mota, amma a kai musu na asali su kwaikwayi kusurwarsa, domin bakin da ya miƙe da yawa ba ya nutsewa.

A gona, yi tafiyar mita 20 ka tsaya ka tona da hannu a bayan ƙarfen, gaba da baya, dama da hagu. In haƙoran gaba sun fi nutsewa, a tsawaita hannun sama na tarakta. In na baya ne, a gajarta shi. In gefe ɗaya ya fi zurfi, a murɗa hannun dama mai saiti. Ƙarfen da ya ƙi shiga ƙasa, ko baki ya dakushe, ko ƙasa ta bushe, ko hannun sama ya yi tsawo; a duba waɗannan kafin a ɗora masa duwatsu ko a sa yara su hau, abin da ke jawo mummunan rauni. Garma da haƙora da libar da ke bin nauyin ja ake sarrafa su, rotabeta kuwa da libar da ke tsayar da ita a tsayi ɗaya.

In taya na juyawa a banza, auna: yi alama a tayar baya, auna nisan juyi goma ƙarfe a ɗage, sake aunawa yana cikin ƙasa. In nisan ya ragu da fiye da kashi 15 cikin 100, a rage zurfi, ko a cire haƙori biyu na gefe, ko a rage iskar taya zuwa abin da kamfanin ya rubuta na aikin gona. A sa giris a boris kowace safiya, a ƙara ɗaure notoci bayan awa biyun farko na sabon ƙarfe. Da an gama aikin shekara a wanke laka, a shafa baƙin mai a farantai da bakuna, a ɗora ƙarfen a kan katako a inuwa, a rubuta zurfin da aka yi aiki bana don baɗi a canja shi da santimita 3 zuwa 5.